Shin kalsiyam ɗin da ake ƙara wa madarar waken suya yana shiga jiki kamar na nonon shanu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a unguwar Pantami, Gombe. Tsadar madarar gari ta sa muka koma ga waken suya a gidanmu. Ina yin madararsa da kaina, muna cin awara kusan kullum, wani lokacin kuma ina sayen madarar waken suya ta kwali wadda aka rubuta cewa an ƙara mata kalsiyam. Mahaifiyata ta haura shekara 60, nono yana ɓata mata ciki, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Ina da yara biyu, mai shekara 3 da mai shekara 7. Wata abokiyar aikina ta ce kalsiyam na tsiro ba ya shiga jiki, asarar kuɗi kawai nake yi. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki ta kama wani ɓangare na gaskiya, amma ta ɗora shi a inda bai dace ba. Kalsiyam ɗin da ake ƙara wa madarar kwali ba daga tsiro ya fito ba ma tukuna; ma'adini ne da aka tace, akasari daga irin farin dutsen nan da ake haƙowa a ƙasa, kuma yana shiga jiki kusan daidai da na nonon shanu idan an cika wasu sharuɗɗa da zan bayyana. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne madarar da kike yi da hannunki da awarar da kuke ci kullum, domin su ne kuka fi dogara da su, kuma su ne ba su da kalsiyam ɗin da kike zato. Suna da furotin mai kyau ƙwarai, wannan babu ja, amma furotin daban, kalsiyam daban.

Da farko ya kamata a san cewa babu abincin da jiki ke kwashe kalsiyam ɗinsa gaba ɗaya, har da nonon shanu da ake kafa misali da shi. Babban mutum mai lafiya yakan tsotse kimanin kashi 30 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke cikin nono, sauran ya wuce ta bayan gida. Tsotsar tana faruwa ne a ƙaramin hanji ta hanyoyi biyu. A farkon hanjin akwai ƙwayoyin halitta da ke jawo kalsiyam da ƙarfi zuwa cikin jini, kuma wannan aiki ba ya tafiya sai da bitamin D. Ita ce hanyar da jiki ya fi dogara da ita idan abin da ake ci kaɗan ne. Hanya ta biyu kuwa tsiyaya ce kawai ta tsakanin ƙwayoyin bangon hanji, wadda take ƙaruwa idan kalsiyam ya yi yawa a cikin abincin. Hanya ta farko tana da iyaka, tana cika kamar yadda mazurari ke cika idan an yi masa ambaliya, shi ya sa kason da jiki ke ɗauka yake raguwa idan aka sha da yawa a lokaci guda, musamman abin da ya haura miligiram 500. Kofi ɗaya da safe da kofi ɗaya da yamma sun fi kofi biyu a zama ɗaya amfani. Shekaru ma suna da tasiri: jariri yana iya tsotsar har kashi 60, mai juna biyu takan ƙara ƙarfin tsotsa, tsoho kuwa nasa raguwa yake yi a hankali.

Kafin kalsiyam ya bi ko wace hanya daga cikin biyun, dole ne ya narke. Nan ne bambancin nau'o'in da masana'antu ke zubawa yake fitowa. Biyu ne suka fi yawa a madarar waken suya da makamantanta: kalsiyam kabonet, wanda shi ne sinadarin alli da ɓawon ƙwai, da kuma tiraikalsiyam fosfet. A shekarar 2000, Robert Heaney da abokan aikinsa na Jami'ar Creighton a Amurka sun ba maza masu lafiya madarar waken suya mai fosfet da kuma nonon shanu, suka auna abin da ya shiga jini, sai suka samu cewa na waken suyar ya kai kimanin kashi 75 cikin 100 na abin da nono ya bayar. Wannan sakamakon ne ya bazu har mutane suka riƙa cewa kalsiyam na madarar tsiro ba ya aiki, alhali abin da binciken ya nuna shi ne kashi uku cikin huɗu, ba sifili ba. Bayan shekara biyar, a 2005, ƙungiyar Connie Weaver a Jami'ar Purdue ta gwada nau'o'in biyu a kan matasan mata. Nonon shanu ya bayar da kashi 21.7, madarar waken suya mai kabonet ta bayar da 21.1, mai fosfet kuma 18.1. Ke nan mai kabonet ta yi kunnen doki da nono, mai fosfet ta ɗan gaza. Kada ki yi mamakin ganin waɗannan alƙaluma sun yi ƙasa da kashi 30 da na ambata. Kason yana sauyawa daga mutum zuwa mutum da kuma yawan abin da aka sha, abin dubawa shi ne kwatancen da ke tsakaninsu a jikin mutane ɗaya.

A ganina bambancin da ke tsakanin kabonet da fosfet bai kai a tayar da hankali a kansa ba. Ba nan gizo ke saƙar ba. Matsalar da ta fi girma ita ce kwanciya. Kalsiyam ɗin nonon shanu yana manne ne a jikin furotin ɗin nonon, yana yawo tare da shi, ko'ina kika ɗiba kin ɗebo shi. Wanda aka ƙara wa madarar waken suya kuwa gari ne mai laushi da ba ya narkewa a ruwa, kuma idan kwali ya daɗe a kan kanta sai ya kwanta a ƙasa kamar yadda kamu ke kwanciya a gindin roba. Heaney ɗin nan ya sake auna wannan a 2006 a kan madarar waken suya iri-iri da ake sayarwa a Amurka: idan ba a girgiza ba, abin da ke zuba a kofi kimanin kashi 30 ne kacal na abin da aka rubuta a jikin kwalin, idan aka girgiza ya hau zuwa kimanin kashi 60, sauran yana daskare a ƙasa. Masana'antu sun inganta aikinsu tun daga lokacin, amma kwalin da ya yi doguwar tafiya ya zo ya yi watanni a shago a Gombe ya samu isasshen lokacin kwanciya. Saboda haka ki girgiza shi da ƙarfi kafin buɗewa, ki juya shi kansa ƙasa, ki sake girgizawa duk lokacin da za ki zuba. Ranar da ya ƙare, ki yanka kwalin ki duba gindinsa. Idan kin ga farin laka mai kauri, to kalsiyam ɗin da kika biya kuɗinsa ke nan, ki zuba ruwa kaɗan ki ɗauraye a cikin kunun yara.

Ga lissafin a taƙaice. Kofin nono mai mililita 250 yana da kimanin miligiram 300, jiki ya ɗauki wajen 90. Yawancin madarar tsiro da aka ƙara wa kalsiyam ana kai ta miligiram 120 a kowace mililita 100 ne don ta yi daidai da nono, don haka kofinta ma 300 ne a rubuce. Idan kabonet ce kuma duka ya zubo, jiki zai samu kusan 90 ɗin nan. Idan fosfet ce, wajen 70. Idan ba a girgiza ba, zai yi wuya ya kai 30. Girgizawar da ba ta cin ko sisi ta fi zaɓin nau'in sinadari tasiri.

Yanzu sai madararki ta gida. Busasshen waken suya yana da kalsiyam mai ɗan dama, wajen miligiram 270 a giram 100. Amma ki tuna yadda aikin yake: an jiƙa, an markaɗa, an zuba ruwa ninki bakwai ko goma, an tace, an ba awaki dusar. Wani kaso ya tafi da dusa, abin da ya rage kuma ya tsinke a cikin ruwa mai yawa. Kofin madarar da ba a ƙara wa komai ba yakan ƙare da abin da bai wuce miligiram 30 zuwa 60 ba, wato sai an sha kofi biyar ko fiye kafin a kamo kofi ɗaya na nono. Fari ne ya haɗa su da suna, amma ta fuskar ƙashi ba su yi kusa ba. An samu yara ƙanana a ƙasashen Turawa da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda iyaye sun maye musu gurbin madara da irin wannan ruwan waken suya marar ƙari.

Batun awara ya fi ban sha'awa, kuma a nan ne nake ganin muna asarar wata dama babba a ƙasar Hausa. Idan kika karanta a littattafan abinci cewa awara tana da kalsiyam mai yawa, gaskiya ne, amma ba irin tamu ake nufi ba. A Sin, inda awara ta samo asali, da yawa ana tsinka madarar ne da kalsiyam salfet, wanda ake kira jifsam. Shi wannan sinadari yana ɗaure furotin ɗin ya kuma zauna a cikinsa, har giram 100 na awarar ya ɗauki miligiram 200, 300 ko fiye. An auna tsotsarsa a jikin mutane aka samu wajen kashi 31, daidai da nono. Matan da ke yin awara a Pantami da Jekadafari da Tudun Wada kuwa da ruwan tsami suke tsinka ta, ko tsamiya, ko lemun tsami, wasu kuma da alif. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kawo kalsiyam na a zo a gani. Ƙari a kan haka, tsami yana narkar da kalsiyam, sai wani ɓangare na ɗan abin da waken ya zo da shi ya bi ruwan da ake tsiyayewa lokacin da aka danne awarar da dutse. Awarar ruwan tsami abinci ce mai daraja, mai araha, mai ƙosar da yaro da gina masa tsoka, kuma ba na son ko kaɗan ki rage ta. Sai dai kada a lissafa ta cikin abubuwan da ke gina ƙashi.

Wani zai ce ai jifsam a ƙofar gidanmu yake, tunda ana haƙo shi a yankin Nafada, ga kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka. Haka ne, jifsam ɗin Nafada sinadarinsa ɗaya ne da wanda ake yin awara da shi, amma na rami da na buhun masu yin silin ba na ci ba ne, domin ba a tace su daga yashi da sauran ma'adinai masu cutarwa ba. Wanda ake sa wa abinci an tace shi ne musamman, yana da lambar E516 a tsarin lambobin sinadaran abinci. Idan ƙungiyar mata masu awara za su samu irinsa daga amintaccen mai sayar da kayan masana'antar abinci, da ɗan kaɗan za su mayar da awarar da yaran makaranta ke saye a ƙofar gida ta zama abin da ke gogayya da nono. Awarar takan fi laushi ma, kuma takan fi auki.

Inda abokiyar aikinki take da gaskiya shi ne kalsiyam ɗin da tsiro ya zo da shi tun daga gona. Akwai sinadarai biyu a cikin tsirrai da ke kama shi su hana shi narkewa. Na farko okzalet, shi ne mai tsanani. Ganyen sifinaj na Turawa yana da kalsiyam da yawa a rubuce, amma kashi 5 kacal jiki ke samu, har an ƙiyasta cewa sai an ci kwano 16 na dafaffensa, kowane rabin kofi, kafin a kamo kofin nono ɗaya. Alayyafonmu ba shi ne sifinaj ba, amma shi ma yana da okzalet mai yawa, don haka ba a dogara da shi a wannan fanni. Ganyayen dangin kabeji kuwa, da yake okzalet ɗinsu kaɗan ne, jiki yana ɗaukar kusan rabin abin da ke cikinsu, fiye da kason nono ma, sai dai abin da ke cikin nasu ba shi da yawa. Na biyu shi ne faitet, wanda ke cikin hatsi da wake da gyaɗa, musamman a dusa. Shi kamunsa bai kai na okzalet ba. Wake na yau da kullum yakan bayar da kashi 20 da 'yan kai. Waken suya kuwa ya fita daban: duk da yana da sinadaran biyu, an auna shi a 1991 aka samu kashi 31 a irin da ke da faitet mai yawa, 41 a irin da ke da kaɗan, nono kuma ya bayar da 38 a wannan gwajin. Ke nan laifin waken suya ba riƙe kalsiyam ba ne; laifin na ruwan da muke tsinka shi da shi ne.

Wannan matsala ta faitet tsohuwa ce, kuma maganinta ma tsoho ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da madara ta yi ƙaranci a Ingila aka koma ga burodin da ba a cire wa dusa sosai ba, Robert McCance da Elsie Widdowson sun nuna cewa irin wannan burodi yana rage kalsiyam ɗin da jiki ke samu, sai gwamnati ta sa aka riƙa zuba alli a cikin fulawa. Har yau doka ce a can a sa kalsiyam kabonet a farar fulawa. A gidajenmu ma muna da dabarun da ke rage faitet ba tare da mun san sunansa ba: jiƙa hatsi ya kwana, barin kamu ya yi tsami, tsirar da dawa ko gero, da ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Duk waɗannan suna karya wani ɓangare na faitet. Kanwa kuwa, duk da farinta da kamanninta da dutse, ba kalsiyam ba ce. Mafi yawanta gishirin sodiyam ne.

Game da yaranki, akwai binciken da aka yi a maƙwabtanmu wanda ya kamata kowace uwa a wannan yanki ta san da shi. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi nazarin yara 123 masu lanƙwasar ƙashi, irin masu gwame da masu ƙafar baka, aka buga sakamakon a 1999. Kafin nan da yawa sun ɗauka rashin bitamin D ne kaɗai ke kawo wannan cuta, abin da ya sa ake mamakin ganinta a ƙasar da rana ba ta yankewa. Sai aka samu cewa abincin yaran kimanin miligiram 200 kacal na kalsiyam yake ba su a rana, kuma bayan mako 24 na magani, waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne, hatta yaran da ba su da cutar abin da suke samu a abinci kusan haka yake. Tuwon masara da miya da kunu, babu nono, shi ne abincin, kuma bai bambanta da na yawancin gidajen Gombe da Bauchi ba. Masara tana cikin hatsin da suka fi talauci ta wannan fuska, ba ta kai miligiram 10 a giram 100 ba. Ma'aunin Amurka na 2011 ya sa wa yaro mai shekara 1 zuwa 3 miligiram 700 a rana, mai 4 zuwa 8 kuma 1,000. Na Ingila ya fi sauƙi, kuma masana na muhawara a kan ko dole ne kowace al'umma ta kai wannan adadi, amma babu mai cewa 200 ya isa.

Tunda kuɗi ne ya raba ku da madarar gari, ba zan ce ki koma sayen kwali kullum ba, wanda sau da yawa ya fi madarar garin ma tsada idan aka auna da kalsiyam ɗin da ke ciki. Ƙaramar ledar madarar gari mai giram 12 zuwa 14 tana bayar da kimanin miligiram 100, kuma zuba ta cikin madararki ta gida ya fi a sha ta gidan ita kaɗai. Kindirmo mai kauri yana da kalsiyam daidai da madarar da aka yi shi da ita, sai dai nonon da aka tsinka da ruwa a lokacin rani ya ragu gwargwadon ruwan. Ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, irin busassun da ake kawowa daga Dadin Kowa da sauran bakin kogin Gongola, suna cikin mafi arha kuma mafi inganci. A daka su da ƙayarsu a zuba a miya ko a garin kunu. A Jos ɗin ma an gwada garin kifi da garin farin dutse wajen maganin lanƙwasar ƙashi, aka buga a 2015, duka biyun sun yi aiki. Cikin hatsi babu kamar tamba, wadda ke da wajen miligiram 340 a giram 100, ninki goma na gero ko kusa da haka. Wani gwaji na ɗakin bincike a Jami'ar Nottingham a 2024 ya sa ta cikin 'yan tsirarun abincin tsiro da suka fito da kyau. Idan kin shiga Tudun Hatsi ki tambaye ta, ki haɗa ta a garin kunun yara. Garin kuka yakan haura miligiram 1,000 a giram 100, don haka miyar kuka mai kauri tana da rabonta, ko da yake cokali biyu ne ake raba wa gida guda. Busasshen zogale ma haka, amma yana da okzalet. Riɗi kuwa yaudara ce a takarda: adadinsa babba ne, sai dai mafi yawansa a ɓawo yake, a ɗaure da okzalet.

Garin Tom Brown da ake koya wa iyaye mata haɗawa da gero ko dawa da waken suya da gyaɗa yana maganin ƙarancin furotin da ƙarfin jiki, amma idan babu kifi ko madara ko tamba a ciki, kalsiyam ɗinsa kaɗan ne. Haka kuma garin waken suya na leda da busasshen naman waken suya da ake sayarwa a manyan shaguna: kada ki ɗauka an ƙara musu komai sai kin gani a rubuce. Dokar Najeriya ta tilasta sa aidin a gishiri, da bitamin A a sukari da man girki da fulawa, da sinadarin ƙarfe a fulawa, amma ƙarin kalsiyam a kayan waken suya zaɓin mai masana'anta ne. Ki duba lambar NAFDAC, sannan ki duba jerin kayan haɗi: E170 shi ne kabonet, E341 shi ne fosfet. Ki nemi adadin miligiram a kowace mililita 100, kada ki tsaya ga kason da aka rubuta cikin ɗari, domin kayan Turai suna auna shi ne da miligiram 800 a rana, na Amurka kuma da 1,300, sai kaso ɗaya ya zama adadi biyu mabambanta. Wanda aka haɗa masa da bitamin D ya fi. Akwai kuma lemon waken suya mai zaƙi da ake sha don marmari, wanda sukarinsa ya fi komai yawa. Shi ba ya cikin wannan lissafi.

Sai Hajiya. Mace bayan ɗaukewar al'ada tana asarar ƙashi da sauri, hanjinta kuma ba ya tsotsa kamar da, shi ya sa ma'aunin Amurka ya ɗaga mata zuwa miligiram 1,200. A gare ta madarar kwali mai ƙari tana da ma'ana sosai tunda nono yana ɓata mata ciki, amma ki gwada mata kindirmo kaɗan tare da abinci, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar da ke kawo kumburi da gudawa, kuma da yawa daga waɗanda ɗanyar madara ke damu suna jure shi. Idan tana shan omefirazol ko danginsa saboda gyambon ciki, ki sani cewa kabonet yana buƙatar tsamin ciki kafin ya narke. An nuna tun 1985 cewa masu ƙarancin wannan tsami ba sa tsotsar kabonet da kyau a kan yunwa, amma suna tsotsarsa daidai idan an haɗa da abinci. Don haka ta sha tare da karin kumallo ko tuwon dare. Ta kuma riƙa fitowa tsakar gida rana ta taɓa hannuwanta da ƙafafunta, domin dattijuwar da ke wuni a ɗaki tana iya rasa bitamin D ko a Gombe, kuma idan ya yi ƙaranci tsotsar takan faɗo zuwa kashi 10 ko 15. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano masu yawa suna fitar da kalsiyam ta fitsari, wannan ma dalili ne na rage su ban da hawan jini.

Amma kada ki sa ran ciwon gwiwar zai tafi saboda kalsiyam. A shekarunta ciwon gwiwa akasari zaizayewar guringuntsi ne, ba ƙarancin kalsiyam ba, kuma raunin ƙashi na tsufa ba ya ciwo sai ranar da aka samu karaya a ƙugu ko wuyan hannu ko gadon baya. Gwajin kalsiyam na jini ma ba ya nuna halin da ƙashi ke ciki, domin kashi 99 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake, kuma jiki yana ɗebowa daga can ya daidaita na jini ko da ƙashin na ƙarewa. Ina yawan ganin waɗanda suka zo da takardar gwaji suna murna an ce kalsiyam ɗinsu daidai ne, alhali takardar ba ta amsa tambayar da suke yi ba. Idan ta taɓa karyewa daga ɗan faɗuwa, ko tsawonta ya ragu, ko bayanta ya fara ranƙwafawa, likita ya kamata ya duba ta. Kada kuma a saya mata ƙwayoyin kalsiyam a kemis ba tare da shawara ba idan tana da ciwon ƙoda ko ta taɓa yin tsakuwar ƙoda.

Akwai magungunan da kalsiyam ke kamawa a cikin hanji ya hana su aiki, kuma madarar da aka ƙara wa kalsiyam tana yin haka kamar yadda nono ke yi. Sifirofuloksasin da ake yawan bayarwa a kan taifot da ciwon mafitsara yana cikinsu, haka tetirasaikilin, haka maganin maƙoƙo na lebotairoksin. Sifirofuloksasin ana shan shi ne awa 2 kafin kalsiyam ko awa 6 bayansa. Ƙwayar ƙarin jini ma ba a haɗa ta da shi a lokaci guda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ba da shawarar a ba masu juna biyu giram 1.5 zuwa 2 na kalsiyam a rana a yankunan da abinci ke da ƙarancinsa don rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga, ta ce a raba shi kashi uku a kuma nisanta shi da ƙwayar ƙarin jinin. Idan akwai mai shan ɗaya daga cikin waɗannan a gidan, a ba shi maganinsa da ruwa zalla, madarar kwalin ta jira lokacin cin abinci na gaba.